Hannun Yaya Ladi

Jiya na raka 'yata gyaran jiki, sai na ga matar ta ɗebo halawar cire gashi, ta fara manna wa kanta a hannu don jin zafinta kafin ta taɓa yarinyar. Mutum ɗaya na sani mai yin haka.

Yayata Ladi, Allah ya jiƙanta. A shekarun casa'in tare muke yankan farce da ƙunshi a Haɗeja. Da sana'ar ta kasa riƙe mu, ta koyo dilka da halawa wurin wata Babarbariya. Amare har daga Kaugama suka koma ɗakinta, aka bar ni da lalle. In na ce ta koya min, sai ta ce, "Bari ruwan ambaliya ya janye tukuna." Ba ta ga rani ba.

Na ce wa mai gyaran jikin, "Baiwar Allah, wa ya koya miki wannan?"

Ta ce, "Anti Ladi, Hajiya. Kamar ƙanwa ta ɗauke ni."

Ni na sha nono ɗaya da ita, amma bare ce ta gaji hannunta.

Don Allah, ana kishi a kan wanda ya rasu, ko ni kaɗai ce?