Sunaye Tara da Suka Rage wa Baba Faifai

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Oktoba, ina tsakiyar darasi da 'yan aji biyu, shugabar makarantarmu ta leƙo ta taga ta yafito ni. Da na fito sai ta kama hannuna ta ce, "Malama, sai haƙuri. Baba Faifai ya rasu ɗazu da hantsi a asibiti." Shekararsa sittin da bakwai a duniya. Ashirin da shida daga ciki ya yi su yana kula da ɗakin kwamfuta na makarantar nan. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu da jikoki, ya kuma bar ɗaruruwan mutane da suka fara ɗora yatsa a kan madannai a gabansa. Ni ina cikinsu.

An ce in rubuta wani abu a kanka, Baba, don ni ce shugabar sashen da ka yi aiki. Na karɓa, amma kwana shida ina juya takarda, domin ba zan iya yabonka ba sai na faɗi abin da na yi maka.

Yara ne suka sa maka suna Baba Faifai, saboda kabad ɗin nan na ƙarfe da ke bayan ƙofa, wanda ka cika da tsofaffin faya-fayan wasanni, kowanne cikin rigarsa, kowanne da lamba. A cikinsu babu wanda muka so kamar wasan kwalekwale. Mutum ne ke tuƙa kwalekwalen kaya a kogi, duwatsu na tunkaro shi, kowane dutse ɗauke da lissafi. In ka buga amsa daidai ka wuce, in ka yi jinkiri ka kife. A ƙarshe wasan yakan nuna allon gwanaye, sunaye hamsin da makin kowa. Gurbin suna harafi takwas kawai yake ɗauka, don haka kowa laƙabinsa yake sawa.

Na shigo makarantar nan ina 'yar shekara goma sha ɗaya, ina tsoron lissafi kamar me. Kai ka zaunar da ni a gaban wasan. Nakan buga amsa kafin in gama karanta tambaya, in kife, in fashe da kuka. Ba ka taɓa yi min tsawa ba. Sai dai ka ce, "Ke Gaggawa, kogin nan ba gudu zai yi ya bar ki ba." Sunan ya bi ni har na gama. Ranar da na hau allon gwanaye, kai ka riƙa faɗa min haruffan ina dannawa, kana murna fiye da ni. Yau ina koyar da lissafi da kwamfuta, kuma na san daga inda abin ya faro.

Sau uku aka sauya kwamfutocin ɗakin nan a zamaninka, sau uku kana ɗauke fayil ɗin sunayen daga tsohuwa zuwa sabuwa. Tsofaffin ɗalibai sukan dawo da 'ya'yansu a hannu, likita ne, direba ne, mai ɗinki ce, su ce, "Baba, ina nan ko an ture ni?" Sai ka kunna musu, su tsaya suna nuna wa yaran da yatsa. A ƙarshen kowace shekara kuma kana kwafe allon da biro a takarda, ka manna a cikin murfin kabad.

Shekara uku da suka wuce na dawo makarantar a matsayin malama, da digiri biyu da ɗoki mai yawa. Ina son yaran nan, ina so su sami abin da ake yayi a duniya. Da aka kawo mana sababbin kwamfutoci ashirin masu sabuwar babbar manhaja, wadda komai na kwamfuta ke tafiya a kanta, sai wasanninka suka ƙi tashi. Wani ya nuna baƙin allo ya rufe kansa. Wani ya ce bai san inda yake ba. Sababbin ma ba su da ramin sa faifai. A gaban yara na ce maka, "Baba, zamani ya wuce waɗannan. Mu kai su shara mu huta." Yara suka yi dariya. Kai ma ka yi murmushi, ka ce, "To, 'yata, ba ni zango ɗaya."

Zango ɗaya kuwa ka ɗauka. Ka samo na'urar karanta faifai ta waje, ka kwashe abin da ke cikin kowane faifai ka adana. Ka nemo wata 'yar manhaja da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta a cikin sabuwa, har wasan ya ɗauka gidansa ya koma. Kana karatu da tabarau biyu, ɗaya bisa ɗaya. Ranar da wasan kwalekwale ya fara tashi, sai ya fita da gudu kamar an koro shi, kafin ka ƙifta ido mai tuƙi ya kife sau uku. Ka bayyana min cewa tsofaffin wasanni da ƙarfin injin suke auna lokaci, sabon injin kuwa ya fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba. Ka zauna da agogon hannunka kana rage saurin kaɗan-kaɗan, kana sauraron kiɗan wasan, har ka ce, "Yauwa, haka yake tafiya." Sauti ma sai da ya ci maka mako biyu. Da aka gama, ka maido da sunayen nan hamsin a kwamfuta ta goma sha biyu, ta kusurwa, babu wanda ya ɓata. 'Yan aji ɗaya da ke gudun lissafi suka koma rububin kujerarta. Na gani da idona, amma ban ce maka sannu da aiki yadda ya kamata ba.

Daga nan ne na kafa doka. Na toshe duk kafofin da ake cusa filas, 'yar na'urar nan ta kwasar fayil, na sa kalmar sirri da ni kaɗai na sani, wai don tsaro. Mutumin da ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana riƙe da makullin ɗakin, sai ga shi yana neman izinina kafin ya kwafi fayil.

Dogon hutun bara na shirya wanke kwamfutocin duka in sake zuba musu manhaja. Kai kuma za a yi maka aikin ido. Ana gobe za ka tafi ka same ni a bakin ƙofa ka ce, "Gaggawa, sunayen yaran nan suna ta sha biyu. Kwafin da ke hannuna faifansa ya lalace. Ki cire min su kafin ki wanke." Na ce, "Baba, na riga na cire." Ban cire ba. Niyyata in yi da yamma. Da yamma na manta, washegari na wanke ashirin ɗin a jere, ina jin daɗin saurin aikina.

Da aka dawo hutu ka tambaye ni, idonka ɗaya da bandeji. A nan ya kamata in ce na yi kuskure. Maimakon haka na ce ƙwayar cutar kwamfuta ce ta cinye fayil ɗin, kuma mai yiwuwa daga tsofaffin faya-fayanka ta fito. Na maimaita wannan magana a ofishin shugaba. Aka kira ka aka ja maka kunne, kai da ka girmi kowa a wurin. Ka saurara hannuwanka a baya. Da muka fito abin da ka ce kawai shi ne, "Allah ya kyauta. Ki buɗe min ta sha biyu in sake ɗora wasan."

Tun daga lokacin, duk hutun tara da kuma bayan an tashi, sai in gan ka a kusurwar nan kana tuƙa kwalekwale. Na ɗauka tsufa ne ya kawo son wasa. A takardar kimanta ma'aikata ta ƙarshen shekara har na rubuta cewa kana yawan wasa a lokacin aiki. Da hannuna na rubuta, na sa hannu.

Ranar uku da rasuwarka na je gida gaisuwa. Mama, matarka, ta jawo ni kusa da ita ta ce, "Ke ce Gaggawa? Kullum sai ya ambace ki. Ya ce saura tara ya gama." Na ce tara na me? Ta ce, "Sunayen da kika manta ba ki cire ba. Ya ce kada a tayar miki da hankali, sabuwa ce a shugabanci, in aka ji za a raina ki." Ta faɗa ne cikin sauƙi, ba da nufin ta soke ni ba. Na rasa inda zan sa fuskata a cikin mata.

Washegari na buɗe ta sha biyu. Sunaye arba'in da ɗaya ne a allon, kowanne da makinsa na asali. Na buɗe murfin kabad, na ga takardar da ka kwafa da biro, ka bi sunayen kana sa musu alama da jan alƙalami, da kwanan wata a gefe. A ƙasa ka rubuta cewa ka gwada gyara fayil ɗin kai tsaye, wasan ya ƙi karɓa. Hanya ɗaya ta rage: ka buga wasan da kanka har makin ya kai daidai na yaron, sannan ka kifar da kwalekwalen da gangan, ka rubuta sunansa. In ka zarce da maki goma, sai ka koma farko. Haka ka yi sau arba'in da ɗaya, ban da lokutan da ka koma farko, da ido ɗaya mai gani sosai da hannun tsoho. Na duba kwanakin. Sunan da ka fara mayarwa, kwana biyu bayan an ja maka kunne a ofis, shi ne na goma sha bakwai. GAGGAWA.

Taran da suka rage su ne na can sama, masu makin da sai hannun yaro. Kai da ka san yadda ake rage saurin wasan, da ka so da ka rage ka gama a mako guda. Amma a gefen takardar ka rubuta, "Ba da wannan saurin suka ci ba."

Na je ofishin shugaba na faɗi gaskiya, na roƙi a cire jan kunnen nan da abin da na rubuta daga fayil ɗinka, an kuma cire. Na faɗa wa malamai a taro. Na faɗa wa 'yan ajina, domin kullum ina koya musu cewa wanda ya yi kuskure ya ɗaga hannu, alhali nawa hannun ya shekara a ɓoye. Yanzu ina faɗa a rubuce. Babu wata cuta da ta fito daga faya-fayanka. Ni ce na goge, ni ce na yi ƙarya. Abin da ya fi ci min rai shi ne wanda ya kamata ya ji wannan ba ya nan, kuma ya riga ya sani.

Na kwafi wasan da sunayen a wuri uku. Na gwada cike sauran da kaina, kwana huɗu ina kifewa tun kafin in kai rabin makin na tara. Don haka ina kira ga masu su, duk inda kuke: Dogo, Tauraro, Kurciya, Injiniya, Autan, Barkono, Shiru, Walƙiya da Sarauniy, wadda gurbin ya cinye mata harafin ƙarshe. Ta sha biyu tana nan a kusurwa, a saurin da Baba ya saita ta. Ku zo ku mayar da sunayenku. In hannu ya yi nauyi, ku zo da 'ya'yanku su buga muku. Babu kalmar sirri a kanta yanzu.

Mama, ina neman gafararki da ta 'ya'yanki a kan abin da na jawo wa mijinki. Ina miƙa ta'aziyyata gare ku, da jikokinsa, da 'yan'uwansa, da abokan aikinsa, da duk wanda ya taɓa zama a gabansa yana tsoron lissafi. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa, ya tsaya muku a bayansa.

Baba, Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haskaka makwancinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Yadda ka rufa min asiri ban cancanta ba, Allah ya rufa maka naka ranar da za a buɗe na kowa. Yadda ka ƙi yarda sunan ɗan kowa ya ɓace, Allah ya rubuta naka cikin bayinsa na gari. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.