Tsohuwar da Ta Cika Mini Littafina

Wallahi tallahi abin da zan gaya muku a kaina ya faru, ba a bakin wani na ji ba. Na san wasu za su ce ai dama sana'arsa ce, mai rubuta labaran ban tsoro me zai hana shi ƙaro wani, to ni dai Allah ne shaidata.

Shekarun baya ina koyar da Hausa a wata sakandare a Rano, ina kuma 'yan rubuce-rubucena na aljanu da fatalwa, duk ƙirƙira ce, a ɗaki nake zama in harhaɗa. Na tara guda goma sha ɗaya na kai wa wani mai buga littattafai a Kano, sau biyu yana dawo mini da su, a na uku ya ce, "Malam, ba laifi, amma babu wanda ya tayar mini da tsigar jiki. Kawo guda ɗaya mai rai, in buga." Na dawo jiki a sanyaye, har maiɗakina ta ce in haƙura in riƙe allina.

Wata Alhamis da kaka, bayan azahar, na hau babur zan je ta'aziyya Kibiya, na yanke ta hanyar ƙauye, ina zuwa bakin wani busasshen rafi babur ya mutu. Na buga, na buga, ko tari bai yi ba. Sai na ji an ce, "Malam mai rubutu, ƙyale shi, ba yanzu zai tashi ba. Zo ka zauna." Na waiga, wata tsohuwa ce a kan wani faffaɗan dutse tana ɓarar gyaɗa, kuma ni ban taɓa ganinta ba.

Na durƙusa na ce, "Sannu Iya, a ina kika san ni?"

Ta ce, "Labari kake nema. Zan ba ka, amma kada ka canja suna ko ɗaya."

Ta ce a Lausu aka yi wata mata mai tagwaye, Hassan da Husaini, shi Husaini yana da cindo a hannun hagu, wato ɗan yatsa na shida. Suna shekara uku ruwa ya ci Husaini a rafi, aka nemi gawa aka rasa, aka yi zaman makoki, uwar kaɗai ta ce ɗanta na raye. Ashe can gangare wani Bafulatani, Ardo Buba, ya tsamo shi, ya yi ta cigiya ƙauye-ƙauye, yaron kuma bai san sunan garinsu ba, har suka tashi da shanu suka yi kudu, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa masa Sambo. Yanzu ya yi furfura, sun dawo wata ruga a bayan Fassi. Uwar kuwa duk damina sai ta shiga rafin tana kiran sunansa. Tsohuwar ta ɗago ta dube ni ta ce, "Da ta rasu ma ba ta fasa ba."

Jama'a, a nan ne idona ya kai kan zanenta. Daga gwiwa zuwa ƙasa sharkaf yake, ruwa na ɗiga a kan dutsen, alhali rafin nan yashi ne zalla, rabonmu da ruwan sama an fi wata guda. Innalillahi! Na miƙe ina karanto duk abin da ya zo bakina, bugu ɗaya babur ya tashi, ban sake waiwayawa ba har Kibiya.

Kwana uku ina zazzaɓi, a na huɗu na zauna na rubuta shi yadda ta faɗa, ban taɓa suna ko ɗaya ba. Mai bugawa yana karantawa ya kira ni ya ce, "Wannan shi ne!" Littafi ya fito, kai, ban taɓa ganin irinsa ba, aka sake bugawa aka kuma sakewa, har a tashar mota ake tallansa, wani gidan rediyo ya dinga karanta shi. Ni da ake ce wa in riƙe alli, sai ga shi ana nuna ni a hanya.

Wata safiya ina aji aka ce ina da baƙo. Na fito na ga wani dattijo, manomi. Ya ce, "Malam, ni ne Hassan na Lausu. A rediyo na ji. Don girman Allah wa ya ba ka labarin gidanmu?" Na ce, "Baba, mu bar wannan tukuna, mu je Fassi mu gani."

Ranar Asabar na goya shi a babur, muka yi ta tambaya har aka nuna mana rugar. Muka yi sallama, aka ce Sambo yana wajen shanu, aka kirawo shi. Wallahi yana ɓullowa ban ma nemi ganin hannunsa ba, don fuskar da na goyo a bayana ita ce ke tahowa riƙe da sanda. Suka tsaya suna kallon juna, sai Baba Hassan ya ce, "Husaini?" Sandar ta faɗi. Sambo ya ce da Hausarsa ta Fulani, "Wannan suna, duk damina ina jin ana kira, ban san nawa ne ba." Suka rungume juna, tsofaffi biyu suna kuka kamar yara, matan ruga suka ɗauki guɗa, ni ma na zauna a ƙasa ina share hawaye. Sati na zagayowa aka yi walima a Lausu, Fulani suka kawo sa, aka zaunar da ni tsakiyar dattawa ana ta sa mini albarka. Duk yabon da littafin ya jawo mini bai kai wannan ranar ba.

Da za mu rabu Baba Hassan ya ja ni gefe, ya zaro wata tsohuwar ambulan daga aljihu ya ce, "Hoton mahaifiyarmu ne, shekara ashirin da rasuwarta, ni na sa ta a kabari da hannuna. Duba ka gaya mini ko ita ce." Na riƙe hannunsa na ce, "Baba, don Allah mayar." Ya mayar da ita aljihu. Har yau ban duba ba, kuma ba zan duba ba.

Shawarata gare ku, kada ku fita ba ku yi addu'ar tafiya ba, ko da rana tsaka ce. In kuma wani ya kira ku a daji da sunan da bai kamata ya sani ba, ku amsa da ladabi, amma kafin ku zauna ku fara duban ƙafarsa.