Farar Tasar Baba Ƙadangare

Kafin masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu, shi ya riga ya zauna a bencin ƙofar gidansa yana bin igiya da yatsu. Ba kallonta yake yi ba, shafa ta yake yi daga wannan bakin zuwa wancan, kamar mai laluben ƙaya a tafin ƙafa. In ya ji wani wuri ya yi laushi ko zare ya tashi, sai wuƙa, ba ya shawara da kowa. Matarsa ta ajiye masa shayi, shayin ya huce, ta ɗauke ta ɗumamo tana mita. Sai ya gama da igiya yake ɗaga kai ya dubi sama, ya ce yau za a hau, ko ya ce yau ba mai hawa. Haka muka san shi shekara da shekaru.

Sunan da abokan aikinsa suka laƙa masa shi ya bi shi, Baba Ƙadangare, saboda yadda yake manne wa rufi kamar a can aka haife shi. Aikinsa kuwa, in ka faɗa wa baƙo sai ya yi dariya: lambu yake shukawa a saman gini. Kuma ba shimfiɗaɗɗen rufin kankare da za ka sa kujera ka sha iska ba. Rufin manyan kantuna da ɗakunan ajiyar kaya yake bi, irin masu gangaren nan da suke tsaye kamar littafin da aka buɗe aka kife. A kan wannan gangaren yake ɗora ƙasa ta zauna, tsiro ya kama, ginin ya yi sanyi, ruwan sama kuma ya daina kwararowa titi a guje. Shagona na ƙarƙashin ɗaya daga cikin rufinsa. Kafin ya taɓa mana shi, da rana ta take sai mu fito waje neman iska, mu da masu sayayya. Yanzu har masu zuwa gulma muke samu, don sanyin wurin kawai.

Ba da iyawa ya fara ba, kuma shi da kansa ba ya ɓoyewa. Kafintan rufi ne da can. Ranar da aka fara ba shi rufi mai gangare, na wani kantin kujeru, sai ya yi masa irin aikin shimfiɗaɗɗe: ya shimfiɗa leda mai kauri don hana yoyo, ya zuba ƙasa, ya dasa. Abin ya yi kyau, har masu wucewa suna tsayawa ɗaukar hoto. Da aka yi ɗan yayyafi ya ga ruwan da ke saukowa ta indararo ya yi ja, ya ce ai ƙura ce, ya wuce abinsa. Kwana kaɗan aka tafka ruwa na gaske, lambun ya sulmiyo gaba ɗaya kamar bargo daga kan gado, ya sauka a bakin titi.

Akwai wani tela da yake kafa kekensa a inuwar ginin. Har yau in ka zauna wurinsa sai ya ba ka labarin. "Shigata ciki ke nan in fake," in ji shi, "na ji yif a bayana. Na waiwayo ba keke, ba kujera, sai tudun ƙasa da furanni a kai, kamar an yi mini kabari an ƙawata." Yana faɗa yana dariya. Baba Ƙadangare bai taɓa taya shi wannan dariyar ba. Shi ya ɗauki shebur ya kwashe titin, ya tono keken ya wanke ya sa mai, sannan ya koma saman rufin ya zauna yana kallon santsin ledar har ya gane abin da ya yi.

Daga nan ya koyi gicciya katako a kan gangare, layi bisa layi kamar matakalar tsani, yadda kowane layi zai riƙe nasa kason ƙasar. Ya koyi ɗaure raga a kai. Ya daina ɗiban ƙasar gona mai nauyi, ya koma haɗa mara nauyi da garin bulo. Ya gane cewa ƙololuwa ce ke fara bushewa, gindi kuma ya jiƙe, don haka masu kaurin ganye da jure ƙishirwa suke hawa sama, masu son ruwa su zauna ƙasa. Daga nan kuma farar tasa ta shigo rayuwarsa.

Tasa ce irin ta kicin, ta matarsa ce ma, ya ɗauke bai mayar ba. Duk rufin da ya gama, ba ya cewa ya gama sai an yi ruwan farko mai ƙarfi. Hadari na haɗuwa za ka gan shi tafe, ba wanda ya kira shi, ya tsaya a ƙarƙashin indararo ya tara tasar. Cikon farko ya zubar, wannan wankin ƙura ne. Na biyu shi ne shaida. In ruwan ya zo garau ana ganin gindin tasa, ƙasa ta zauna. In ya zo da ja, to wani wuri can sama yana zamewa, kuma ba zai huta ba sai ya hau ya samo shi. Mai kantin maganin da ke kusa da mu ya ce ya taɓa ganinsa a jiƙe sharkaf, ya kira shi ya shigo ya fake, ya amsa masa da cewa, "Bari in ji abin da rufin zai ce tukuna."

Baba Ƙadangare, kai ne wanda ba ka taɓa barin ma'aikacinka ya taka jiƙaƙƙen rufi ba, ko mai gini zai yi ta kumfar baki. Kai ne kake kwance ƙullin da wani ya ɗaura ka sake ɗaurawa a gabansa, ya ji haushi, ya kuma koma gida da ƙafafunsa. A duk tsawon aikinka ba a taɓa zuwa gidan wani da mummunan labari daga wurinka ba. Mu da muke wucewa a ƙasa ba mu san kana bin mu godiya ba, don abin da bai faɗo ba ba ya yin ƙara.

To, jiki ba ya tambayar izini. A bara jiri ya fara ɗibansa. Da fari ya ɓoye, sai ranar da ya sauko daga tsani ya rungume shi ya kasa saki, ma'aikata suna kallo. Likita bai yi masa kwana-kwana ba: in ya sake hawa, to ya san da abin da yake wasa. Maman Auta, matarsa, wadda ta yi rabin rayuwarta tana jin faɗuwar gaba duk lokacin da waya ta yi ƙara da rana, ta ce ita dai ta gode wa likitan nan.

Matsalar ita ce ya riga ya karɓi wani aiki, rufin wani sabon babban kanti, mafi tsayuwar gangaren da ya taɓa samu, kuma ƙofar shigar jama'a na daidai ƙarƙashinsa. 'Ya'yansa maza duk sun kama wasu sana'o'in. Wadda ta gaje shi ita ce Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda yanzu ita ma uwa ce. Tun tana ƙarama ta iya ƙulli kafin ta iya kitso, kuma ta daɗe tana aiki a gefensa. Ita ta jagoranci ma'aikatan. Shi kuwa ya zauna a ƙasa kan bokiti, wuyansa a sage, yana ba da umarnin da ba wanda ya nema.

"Baba, mun ji," in ji Auta daga sama. "Ka sha ruwa, muryarka ta dishe."

Da aka gama, Maman Auta ta tsare shi a kan bencin nan. "Malam, yanzu dai ka rataye igiyar nan ko?"

"In ruwa ya zo garau, na rataye."

"In bai zo ba fa?"

Ya murza igiyar da ke hannunsa. Can ya ce, "Mutane ne za su riƙa bi ta ƙarƙashinsa, da yara a hannu. In ya zo da ja, ni zan hau."

Ba ta yi masa gardama ba, ta san wanda ta aura. Amma daga ranar duk lokacin da gari ya lumshe sai ta fito ƙofa ta tsaya kallon sama.

Ruwan ya zo wata ranar da la'asar. Maman Auta ta ce ƙafarta ƙafarsa, ta ɗauki lema ta bi shi. Auta ta riga su isa. Indararon farko, ya zubar da cikon farko, na biyu ya zo garau. Na gaba ma haka. Maman Auta har ta fara sakin fuska. Da suka zo na ƙarshe, wanda ke gefen ƙofar shiga, ya tara ya zubar, ya sake tarawa. Ja. Ya zubar ya kuma tarawa, ko idonsa ne. Da ya karkata tasar, ga yashi kwance a gindinta.

Masu gadin kantin suka ja igiya suka tare ƙofar, aka mayar da jama'a ta ɗaya gefen. Dokarsa ce ta cece shi a ranar, don ba a hawa jiƙaƙƙen rufi, ko da shi ne.

Washegari rana ta fito, rufi ya sha iska. Ya bi igiyarsa da yatsu kamar kullum, ya ɗauki ɗamarar hawansa, wadda fatarta ta yi baƙi da gumin shekaru. Maman Auta ba ta ɗumama shayi ba. Ta sa mayafinta ta bi shi a baya, ta tsaya nesa kaɗan da tsani ta harɗe hannu, idonta ya kaɗa.

Auta ta tare shi a gindin tsanin. "Baba, na san wurin. Can hagu ne, inda rufin ya haɗu da bangon bene. Ragar ba ta kai ba, na yi mata ƙari, kuma tun a ranar raina bai kwanta da ɗaurin ba. Da na faɗa maka."

"Da kin faɗa."

"Na ji tsoron ka ce za ka hau ne."

Ya dube ta, ya dubi rufin. Ya ɗora ƙafa ɗaya a kan matakalar farko, kuma waɗanda ke wurin sun ce da ya so da ya hau. Ya daɗe a haka. Wallahi na tausaya masa. Mutum ne da bai taɓa aika wani ya gyara abin da ke ɗauke da sunansa ba, ga shi an ce ya tsaya a ƙasa ya yarda da idon wani. Sai ya ce, "Ni da nawa ya zame, tela na kusa binnewa. Ke naki tasa ta kama." Ya sauke ƙafar. Ya zare ɗamarar daga kafaɗarsa ya ɗaura wa 'yarsa, ya ja kowane maɗauri, ya kwance ƙullin da ta yi ya sake ɗaurawa.

"Baba, ƙullin nan daidai yake."

"Na sani. Hau."

Shi ya riƙe mata igiya daga ƙasa har ta gama. Bai ba da umarni ko ɗaya ba, abin da ma'aikatansa suka ce ba su taɓa gani ba. Da aka sake yin ruwa, su uku suka koma ƙarƙashin indararon nan. Wannan karon bai tara ba, ya miƙa wa Auta tasar. Ta zubar da cikon farko, ta tara na biyu, ta kawo masa. Ana ganin gindin tasa har da tsohon tabon da ke jikinta.

Maman Auta ta leƙa ta ce, "To, tunda an gama, a ba ni tasata."

"Ai ta bar hannuna," in ji shi. "Ki tambayi mai ita."

Baba Ƙadangare, yanzu igiyarka na rataye a ƙusa bayan ƙofa, kuma an ce shayinka ya fara samun mai sha da zafinsa. An kuma ce har yanzu in hadari ya haɗu sai ka miƙe ka kama neman takalmi, sai Maman Auta ta yi gyaran murya ka koma ka zauna. Mun gode. Mun gode da sanyin shagunanmu, da titin da ya daina zama kogi, da ma'aikatan da ka mayar wa iyalansu lafiya lau kowace yamma. Mun gode da ka nuna mana kuskurenka ba ka binne shi ba, da kuma ranar da ka sauke ƙafarka daga tsani, wadda na san ta fi maka kowane hawa wuya. Allah ya ƙara lafiya, ya kawar da jirin nan.

Ku kuma masu gini, masu gyara, masu ɗinki, da mu masu tsaron shago, kowa ya nemi tasa farar tasar. In ka gama aiki kada ka juya baya, ka dawo ranar da aka yi ruwa ka tsaya a ƙarƙashinsa. In kuwa kun bi ta gaban babban kantin nan ana ruwa, kuka ga wata mata a jiƙe tana tara tasa a bakin indararo, kada ku kira ta ta shigo ta fake. 'Yar Baba ce, tana jiran ta ji abin da rufin zai ce.