Takardar da Ban Juya Ba

Na Allah muke, kuma komai daɗewa wurinSa za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, a gadon asibiti, kwana shida bayan an yi masa aiki a hanji. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu, ya bar ni ƙanwarsa, ya kuma bar wani tsohon jaki da duk unguwa ta sani da suna Manaja. Wataƙila wasu su ga bai dace a sa jaki cikin ta'aziyya ba. Waɗanda suka san marigayin kuwa, da na bar jakin a waje sai sun tambaye ni dalili.

Yaya, kai ka raine ni bayan rasuwar mahaifinmu, kuma da jakin nan ka yi rainon. Ina 'yar shekara goma sha biyu ka sayo shi, ka haɗa masa amalanke, kana kai yashi da bulo wuraren gini. Kullum da safe sai ka shimfiɗa mini buhu a kan kaya don kada rigar makarantata ta ɓaci, mu tafi ina lilo da ƙafa. Da na fara zama budurwa sai kunya ta kama ni, na ce ka riƙa sauke ni a kwanar da ke kafin makaranta, wai ina son in miƙe ƙafa. Ba ka taɓa nuna ka gane ba. Daga ranar, ko barci nake yi, a kwanar nan kake tsayawa, ka jira sai na shige ƙofa sannan ka juya. Na girma na zama likitar dabbobi, ka sa mini suna Likitar Jakai, amma har ka koma ga Allah ban ba ka haƙurin kwanar nan ba.

Da Allah Ya buɗa maka ka kafa wurin buga bulo a filin bayan gida, ka sayi motar ɗaukar kaya. Kowa ya ce ka sayar da jakin. Ka ce wanda ya gina gida ba a fitar da shi daga gidan. Tun daga nan bai sake ɗaukar ko tsinke ba. Aikinsa shi ne ya tsaya a inuwa yana kallon ma'aikata, in sun zauna hutawa ya ɓarke da kuka, har suka ce ai ga manajan kamfanin nan. Halinka ke nan da mutane ma. Direbanka na farko da idonsa ya raunana, ba ka sallame shi ba, kujera ka ajiye masa a bakin ƙofa ka ce ya riƙa karɓar baƙi.

A farkon watan Fabrairu ka kira ni ka ce Manaja ya ƙi sunkuyawa ya ci. Ina shiga na gan shi tsaye ƙiƙam, ƙafafu a ware, kunnuwa a miƙe, wutsiya a ɗage, baki ya ƙi buɗuwa. Da na ɗaga kofatonsa na hagu na ga inda ƙusa ta shige, ta rufe da datti. Ƙwayar cutar sarƙe-haƙora ce ta shiga ta wurin. Na gaya maka gaskiya, cewa kaɗan ne ke tashi, balle tsoho mai shekara kusan talatin, kuma in ka yarda zan hutar da shi da allura ɗaya. Ka daɗe kana shafa wuyansa. Sannan ka ce, "Auta, ke dai faɗa mini abin da za a yi."

Na kuwa faɗa, da muryar da nake yi wa masu dabbobi magana. Na yanke kofaton na wanke, na yi masa allurar kashe dafi da ta kashe ƙwayoyin cuta, sannan na kafa doka. A sa shi a ɗaki mai duhu. A cusa masa auduga a kunne. Kada a yi ƙara kusa da shi ko kaɗan, domin ƙaramin motsi kan sa jikinsa ya sandare har numfashi ya tsaya. A dama dusa da ruwan ɗumi a ɗaga masa daidai baki, kaɗan-kaɗan, duk bayan awa biyu. Kuma a rubuta mini zafin jikinsa da abin da ya sha kowace rana.

Ka bi dokar fiye da yadda na zata. Ka kwashe siminti daga sito, ka toshe tagar da buhuna, ka rataya tsohon tamfol daga katakon rufi ka zagaya masa ta ƙarƙashin ciki don kada ya faɗi. Ka kashe injin bulo na sati uku. Ka naɗe sakatar ƙofa da tsumma, ka kai zakaran gidan wurin maƙwabta, kai kanka ka daina sa takalmi a tsakar gida. Matarka ta ce ko lokacin da ta haihu ba ta sami irin wannan gatan ba. Manaja kuwa ya ƙi karɓar komai sai daga hannunka, saboda haka ba ka iya yin nisa da shi.

Kowace safiya idan na zo, sai ka zaro wata takarda daga aljihun gaban rigarka, ka warware ta, ka miƙo mini. Layi ɗaya a rana, da fensir, da rubutun nan naka mai kwanciya gefe. In tsaya a bakin sito in karanta, in gyaɗa kai, in mayar maka. Har yaba maka nake yi, ina cewa da duk masu dabbobi haka suke da na huta.

A rana ta takwas muna cikin siton, ina zuƙo magani a sirinji, ka matso ka yi ƙasa da murya ka ce, "Auta, in kin gama akwai abin da nake so ki duba mini." Kunnen jakin ya motsa. Na ɗora yatsa a baki, na harare ka, irin hararar da ban taɓa yi maka ba. Ka ja da baya. Muna fitowa wayata ta yi ƙara, wata saniya ta kasa haihuwa a can bayan gari. Na ce, "Gobe, Yaya." Ka ce, "Allah Ya kai mu." Allah Ya kai mu goben, da wata goben, ban tambaya ba, kai ma ba ka sake ɗago maganar ba.

Ba wai ban ga kana ramewa ba. Na gani, na ɗora wa rashin barci. Na ga kana dafe ciki idan za ka miƙe, na ce yawan sunkuyo ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da na tsaya ina yi maka lacca, cewa jaki ba ya nuna ciwo, yakan sa baki cikin abinci yana motsa leɓe kamar yana ci don kada a gane, sai mai lura sosai ke kama shi. Kana tsaye a gabana, wandonka ya yi maka yawa. Ka yi ɗan murmushi ka ce, "Ashe haka suke."

A rana ta ashirin da uku Manaja ya buɗe baki ya tauna ciyawa. Ka fito da shi rana kana riƙe da igiya, ma'aikata suna ta dariya, kai kana share ido da hannun riga. Ban taɓa jin daɗin aikina kamar ranar ba. Kwana huɗu bayan haka ka yanke jiki ka faɗi kusa da durom ɗin ruwa. Likitan da ya yi maka aiki ya fito ya tambaye ni me ya hana ka dawowa tun lokacin da suka ba ka takarda. Na ce wace takarda?

Bayan an kai ka makwancinka matarka ta miƙo mini rigar nan, ta ce akwai takardar Manaja a aljihu, ko zan buƙata. Na warware, ga layuka ashirin da uku. Sai na juya ta. Takardar asibiti ce, mai kwanan watan kwana biyu kafin jakin ya kwanta. An rubuta cewa an ga ƙari a hanjinka, ka dawo cikin sati a kwantar da kai, kuma ka zo da wani naka. Kalmomin likitoci ne da ba ka iya karantawa, ni kuwa ina karanta irinsu kullum. Matarka ta ce ita gyambon ciki ka ce mata. Sannan ta ce, "Gidan nan cike yake da littattafan yara, ban san me ya sa ya zaɓi wannan ya yi rubutu a kai ba." Ni na sani. Sau ashirin da uku ka sa ta a hannuna.

Na yarda ajali ba ya jinkiri, kuma likitan bai ce da ka zo da wuri lallai za ka tashi ba. Amma ka ɗauki wannan nauyi kai kaɗai cikin shirun da ni na kafa, kuma wannan ba zan ɗora wa ajali ba. Na yi nadama, Yaya. Ka yafe mini.

Manaja ya yi kwana biyu bai ci ba bayan tafiyarka, sai da na sa rigarka sannan ya karɓa daga hannuna. Yanzu kullum da safe nake zuwa. Na cire buhunan taga, na kwance tsumman sakata, an dawo da zakara. Idan Manaja ya gama ci nakan kashe wayata in zauna a siton, babu inda nake sauri.

Allah Ya jiƙanka da rahamarSa, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa tausayin da ka yi wa dabbar da ba ta iya godiya ya zama inuwarka ranar da babu inuwa. Ga matarka, wadda ta zame mini uwa, da 'ya'yanmu huɗu, da ma'aikatanka, Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Ku kuma da kuka karanta, ina roƙon ku sa shi a addu'a, ku sa ni. Idan wani naku ya ce akwai abin da yake so ku duba masa, ku ajiye abin da ke hannunku ku duba. Allah Ya sa mu cika da imani, amin.