Daminar da Rafi Ya Zagaye Ƙauyenmu

Da safiyar ranar ina dakan dawa a tsakar gida. Uwata tana fere sabuwar doya, ƙanena Ɗanjuma yana goye a bayanta. Ƙauyenmu ƙarami ne, a gindin duwatsun hanyar Bwari.

Tun kaka da kakanni rafi ne iyaka tsakaninmu da mutanen ƙetare. Har rantsuwa an yi a kan haka. A daminar nan, gab da samun 'yancin kai, ruwa ya fasa gaɓa ya zagaya ta bayan gidajenmu. Muka wayi gari a ɓangarensu, mu da gonakinmu da kaburburanmu. Suka aiko cewa rantsuwa rantsuwa ce, mu tashi. Dattawanmu suka yi dariya, wai wa ya taɓa tashin gari don ruwa ya yi ɓatan kai? Har yau ban yafe musu dariyar nan ba.

Da hantsi karnuka suka fara haushi. Sai ƙarar bindigar toka daga gabas. Tsohuwar hanyar ruwan ta zama laka iya idon sawu, da ƙafa mutanen ƙetare suka tako ta. Rumbunmu ya kama wuta. Na ji dawa tana fashewa kamar gugguru.

"Ku hau dutse!" in ji wani.

Can iyayenmu ke gudu tun zamanin mahara. Ƙafa ta san hanya, ba ta jira kai ba. Ba wanda ya tuna cewa yanzu rafin yana tsakaninmu da dutsen. Sabon ruwa ne, jajawur, ba mashigi, ba wanda ya san zurfinsa.

Uwata ta kwance goyo, ta ɗora mini Ɗanjuma a kafaɗa. Ta shiga gabana tana laluben ƙasa da ƙafa. Ina taka inda ta taka. Ruwa ya kai mata ƙugu, ya kai ƙirji.

"Kama saiwar can!"

Ta ingiza ni, na cafke. Da na waiwaya, ruwa kawai na gani.

Da la'asar aka ƙirga mu a kan dutse, hayaƙi yana tashi a ƙasa. Babana ya iso da rauni a kai. Ya dubi Ɗanjuma a kafaɗata, bai tambaye ni komai ba. Matan da ke shayarwa suka riƙa karɓar yaron bi da bi.

Ba mu samu gawarta ba. Bayan 'yan shekaru rafin ya koma tsohuwar hanyarsa, amma mu ba wanda ya koma. Ɗanjuma yakan tambaye ni yadda kamanninta suke. A da ina iya faɗa masa. Yanzu bayanta kawai nake tunawa.