Rijiya Mai Lamba Goma Sha Ɗaya

Shekarun baya can, lokacin da sashen kiwon lafiyar al'umma na jami'armu bai wuce ɗaki biyu da fanka ɗaya mai kuka ba, ina cikin ɗaliban farko. Ni kuwa a wancan lokacin, in na rataya katin shaida a wuya, ji nake duk garin Bauchi ba wanda ya kai ni sanin ƙwayar cuta.

A daminar shekararmu ta uku, amai da gudawa ya ɓarke a cikin gari. Malaminmu ya raba mu unguwa-unguwa, aka ba ni Ƙofar Wambai saboda can aka haife ni. Aikinmu shi ne mu bi gida-gida mu tambayi wa ya kwanta da inda suke ɗiban ruwa, sannan mu ɗebo ruwan kowace rijiya a kwalba mu sa mata lamba. Duk gidan da aka samu mara lafiya, sai a ɗiga masa jan biro a taswira.

Ranar wata Talata da la'asar malam ya baje taswirar a kan tebur. Jajayen ɗigon sun yi zobe, a tsakiyar zoben kuma ga rijiya mai lamba goma sha ɗaya. Ya ce sakamakon ɗakin gwaji ma ita ya nuna. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Rijiyar gidan wa ce wannan?"

Rijiyar ƙofar gidanmu ce. Mahaifina ne ya haƙa ta sadaka shekara guda kafin rasuwarsa, ya sa ta a waje don kowa ya ɗiba. Tun daga nan mahaifiyata ke kula da ita, ita ke sauya igiya, ita ke share bakinta kullum da safe. A wurinta, duk gugan da aka ja lada ne ke isar masa a kabari.

Na ce, "Zan bincika, Malam."

Ya ce gobe da safe yake son amsa, domin a rufe ta.

Da na koma gida na tarar da mata sun yi layi da bokitai. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na wuce ciki. Ni mai katin shaida, na kasa buɗe baki. Abin da na yi, wanda har yau nake jin kunyarsa, shi ne na hura wuta na tafasa duk ruwan randarmu, na ce wa mahaifiyata mura nake ji. Na tsare gidanmu, na bar na waje suna ta ɗiba har magariba.

Washegari da hantsi muka ji salati ta bayan katanga. Maƙwabciyarmu ce mai tuyar masa, wadda na gaisar jiya a kan layi. An fito da ita ranga-ranga, idanunta sun faɗa, aka sa ta a keke zuwa asibiti.

Na samu mahaifiyata a tsakar gida na durƙusa. Na ce, "Umma, ciwon nan daga rijiyarmu yake."

Ta ajiye tsintsiyar hannunta. "Ke, kin san abin da kike faɗa? Rijiyar mahaifinki? Karatun naki ke nan, ki zo ki yanke masa lada?"

Na yi mata bayani. Sabon ramin masai da aka haƙa lokacin auren yayana bai wuce taku kaɗan da rijiyar ba, ruwan sama kuma ya haɗa su ta ƙarƙashin ƙasa. Can ta ce, "Yaushe kika sani?"

"Jiya."

Ta waiwaya ta dubi randa, ta dawo da idonta kaina. "Shi ya sa kika tafasa mana ruwa."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta zura hijabi ta fita. Wata mata na cikin jan guga, Umma ta karɓe igiyar daga hannunta ta ce, "Yi haƙuri, 'yar'uwa, zubar da wannan. Yau ba sadaka a nan." Ta ja murfin rijiyar ta rufe, ta hau kai ta zauna. A nan malam da mai unguwa suka same ta, bayan na kira malam na faɗa masa gaskiya.

Maƙwabciyarmu ta tashi, alhamdu lillahi, bayan kwanaki a asibiti. Aka cike masan, aka yashe rijiyar aka zuba mata magani, aka ɗaure cikinta da siminti. Sai bayan damina aka sake buɗe ta.

Yanzu sashen nan namu ya zama makaranta guda mai bene, ni ma a can nake koyarwa. Duk damina ɗalibanmu kan fita gwajin rijiyoyi, kuma masu unguwanni da kansu ke kiranmu tun ruwa bai sauka ba. In sun zo Ƙofar Wambai, mahaifiyata kan tare su a ƙofa ta ce su fara da tata. Ni kuma duk sabon aji sai na ba su labarin nan, don su sani gwajin ruwa ba wuya. Wuyar tana ranar da lambar da ta fito ta gidanku ce.

Ba ta taɓa yi mini gorin wannan rana ba. Sai dai har yau, in na ɗora tukunya a gidanta, ko ruwan shayi ne, takan dube ni ta ce, "Ke, akwai abin da ya kamata maƙwabta su sani?"

Ita dariya take yi. Ni har yanzu ban iya taya ta ba.