Ba igiyar ce ta tsorata Anas ba

Muna falo a gidanmu na garin Bowie a Amurka ni da yara, muna zaɓen wuraren da za mu fita yawo idan jirgin ruwan hutu ya tsaya a wani tsibiri da ke wajen Amurka. Ɗana Anas, ɗan shekara sha biyar, ya daɗe yana damuna da igiyar nan da ake ratayewa a zulala ta saman daji.

Sai ya ce a fasa, mu zauna cikin jirgi.

Na ce, "Tsoro ya kama ka ke nan?"

Ya ce, "Mama, mu fasfon Amurka gare mu, ke katin zama kawai. In kika sauka aka hana ki dawowa fa?"

Na yi dariyar yaƙe.

Iyaye, me za ku ce wa yaro alhali ku ma tsoron da kuke ɓoyewa ke nan?